Inci Uku: Ta'aziyyar Taubashina Mai Gyaran Salansa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya, ba a tambayar wanda ya shirya. Wannan karon taubashina aka kira, ɗan gwaggona, mai gyaran salansar mota a Fadaman Mada. Ya girme ni, ya fi ni natsuwa, ya fi ni salla a kan lokaci, don haka ban yi mamakin da aka fara da shi ba. Ni an bar ni in ƙara gyara hali.

Tun da aka shimfiɗa tabarmin makoki nake zaune a ƙofar gidansa. Gwiwoyina sun sandare, bakina ya gaji da cewa amin. Direbobin tasha sun zo rukuni-rukuni, kowa da labarin ranar da marigayi ya zage shi sannan ya gyara masa mota. Limamin unguwa ya ce yanzu sai mu yi haƙuri da ƙarar babura a lokacin salla, tun da mai tare su ya tafi. Maƙwabcinsa, wani dattijo Kirista mutumin kudancin jiha da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya zo da hularsa a hannu, ya daɗe zaune. Sai da zai tashi ya nuna mini tsohuwar motarsa da haɓa, ya ce yanzu wa zai saurare ta. Matar da ke markaɗe a bayan layi ta tsaya daga nesa tana share ido da gefen mayafi.

Amma duk wanda ya zo, idonsa sai ya koma kan baƙar a-kori-kurar da ke ajiye a gindin darbejiya. Ƙanen matar marigayi ya matso ya raɗa mini: ashe a wannan motar aka kai shi makabarta, motar da ta raba shi da ɗansa? Na ce a ita. Ya girgiza kai ya koma wurinsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Mutanen gari sun san rabin labarin, rabin faɗan, kuma shi za su yi ta maimaitawa har ya zama shi ne mutumin. Ni ba malami ba ne. Firamare ma ban ga ƙarshenta ba, malaminmu ya gaya wa babana cewa bencin da nake zama a kai ya fi ni fahimtar darasi. Facin taya na yi duk rayuwata. Inda kuka ga rubutun ya karkace, ku ce hannun mai faci ne, ku wuce.

A al'ada ni ne ubangidansa, domin ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini Mai Iska, wai ni kaɗai ne a Bauchi nake sayar da abin da Allah ya ba kowa kyauta. Rumfata na jikin rumfarsa. Shekarun da muka yi a haka, ƙarfen da ke tsakaninmu ya yi tsatsa an canza shi, mu ba a canza mu ba.

Mutum ne da ba ya son hayaniya, Allah kuma ya ajiye abincinsa a cikinta. In aka kawo mota ba ya fara leƙa ƙarƙashinta. Sai ya ce a tayar, ya zaga baya, ya tara tafin hannunsa a bakin bututu kamar mai jin zafin jikin yaro. Ya kan ce mota numfashi take yi, in ka shaƙe ta ta gaji, in ka wage mata baki ta yi rashin kunya. Daga baya da kunnensa ya yi nauyi, sai ya riƙa ɗora kan wani siririn ƙarfe a jikin mota, ɗaya kan a muƙamuƙinsa, ya rufe ido. Baƙo ya gan shi a haka sai ya ɗauka barci yake yi a tsaye.

'Yan acaɓa masu fasa cikin salansa don babur ya yi ƙara kuwa, abokan gabarsa ne. Ya kan fito titi da guduma a hannu ya tare su. Ba ya dukan kowa, gudumar ta ado ce. Sai ya ja babur zuwa rumfa, ya mayar da abin da aka cire, yana yi yana tambayar mutum ko uwarsa ta haife shi ne a cikin ganga. Injin markaɗen matar nan ma haka ya yi masa. Lokacin da mijinta ya rasu maƙwabta suka taso mata, wai ƙarar injin ta hana su sakewa, sai ta tashi. Bai shiga maganar ba. Ya je da wata tsohuwar tukunyar salansa, ya liƙa wa injin, ya fitar da bututun ta saman katanga. Da ta aiko da godiya ya ce bai san zancen ba, wataƙila Mai Iska ne. Ni kuwa na karɓi godiyar da ƙosan da ya biyo ta, tun da ba shi da bukata.

Yanzu sai zancen ɗansa na fari.

Ku da kuka tashi a wannan zamanin da uba ke rungumar ɗansa a gaban mutane ba za ku gane ba. Taubashina na mutanen da ne. Ɗan fari akwai kunya a tsakani: ba ka kiran sunansa, ba ka zama da shi hira, ba ka nuna ka damu da shi. Ga shi kuma sunan mahaifin marigayi aka sa wa yaron, kunya ta zama biyu. A gidana aka yaye shi, a gidana ya yi wayo. Baffa yake ce mini. Uban bai taɓa kallon idonsa ya yi masa magana ba. In yana da magana sai ya juyo wurina, ko da yaron na tsugune a gabansa, ya ce Mai Iska, gaya wa wancan kaza. Yaron ma haka ya saba. Ni da nake ubangida, haka bawana ya mayar da ni ɗan aike, ba albashi ba hutu.

Kada wani ya ce ba ya son sa. Ranar da yaron ya gama makaranta, taubashina ya shiga bayan rumfa ya daɗe, ya fito idonsa ja ya ce hayaƙin walda ne. Ranar ba a kunna walda ba.

Yaron ya girma, ya yi gida a Gwallameji, yana fataucin hatsi, Allah ya buɗa masa. Sai ya sayo wannan baƙar mota, tsohuwa ce daga ƙasar waje amma jikinta kamar bijimin sa. A kan injinta akwai wata na'ura da suke kira sufacaja, aikinta ta riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfi don ya ƙara ja. Ba a daɗe ba wani kwazazzabo a hanyar Miri ya yage mata salansa tun daga tsakiya. Ya kawo ta, amma a gaban rumfata ya ajiye, ba a gaban ta uban ba. Ya gaishe mu, ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ko za ka gaya wa Baba ya duba mini salansar."

Uban na tsaye kusa da mu, da zai miƙa hannu sai ya taɓa hularsa.

"Mai Iska, tambayi mai motar, wane abu ne aka naɗa wa injin a ka kamar rawani?"

Na tambaya. Yaron ya yi bayani, na maimaita, na ɓata rabi. Ya ce abokansa sun tabbatar masa irin wannan injin bututu mai faɗin inci huɗu yake so, a miƙe, ba tukunya, don ya saki jiki. Uban ya ce in gaya wa mai motar inci biyu da rabi yake sa wa kowace a-kori-kura tun kafin mai motar ya yi haƙori, kuma babu wadda ta dawo ta kai ƙara. Yaron ya ce in gaya wa Baba wannan ba irin waɗancan ba ce. Uban ya ce in tambaya ko taya biyar gare ta. Haka na yi ta juya wuya dama da hagu har jijiyata ta ɗaure. A ƙarshe yaron ya ajiye makulli a kan bencina ya hau keke mai ƙafa uku.

Aiki kam uban ya yi shi. Ban taɓa ganin ya lallaɓa ƙarfe kamar wannan ba. Waldar ta fito sumul kamar ɗinkin hula. Da yaron ya zo ɗauka aka tayar da motar, sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Ya tara hannu a baya, ya ɗan ɓata fuska kamar ya ji wani abu, sannan ya share hannun a riga ya ce ta yi.

Ba ta yi ba. Cikin gari lafiya lau, amma ranar da aka loda mata buhunan masara ta kama hawa, sai ta fara haki. Bututun ya yi ja, zafi ya taso har ƙasan kujera, ƙarfin da aka saye ta dominsa ya ɓace. Yaron ya gaya mini, na gaya wa uban. Uban ya ce ƙafar direban ce ba ta da ladabi. Na kai saƙon, na rage masa gishiri. Yaron ya sake roƙo a faɗaɗa, uban ya ce shi ba ya aiki sau biyu. Sai yaron ya kai ta wurin wani mai walda a hanyar Jos, aka yanke aikin uban aka jefar, aka sa inci huɗun.

Ranar da ta wuce ta babban titi, kwanon rumfarmu sai da ya amsa. Taubashina da ba ya jin kiran salla sai an taɓa shi, ya ji wannan. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zauna. Ba faɗin bututun ne ya ƙona masa rai ba. Abin da ya faɗa mini shi ne wai hannun wani ya shiga ƙarƙashin motar.

Daga nan abubuwa suka lalace a hankali, yadda taya ke sacewa. Matar yaron ta saba aiko masa da abinci duk Juma'a. Ya daina buɗewa, sai ya turo mini kwanon da ƙafa. Ni kaɗai na yi ƙiba a wannan rigimar. Yaron ya zo gaisuwa a keke, ya bar motar a gida don kada ta ƙara fusata shi, uban ya tashi ya shige rumfa ya kama bugun ƙarfen da ba ya bukatar bugu. Aka yi haka aka sake, yaron ya daina zuwa. Uwar ma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki, ba ta iya sa baki a zancensa. Sai ta tare ni a zaure ta ce ni da surutu bai taɓa yi wa wuya ba, in yi wani abu, tarin mutumin nan ba na mura ba ne. Gaskiyarta. Likita ya riga ya ce hayaƙin shekaru ya cinye masa huhu.

Abin da nake tsoro ke nan, kuma shi nake kwana da shi nake tashi: kada a kira mutumin nan alhali maganar ƙarshe tsakaninsa da ɗansa ita ce wadda na kai, ta ƙafar da ba ta da ladabi.

Na yi zirga-zirga tsakanin Fadaman Mada da Gwallameji har masu keke suka san ni. A can na tarar yaron ma ba daɗi yake ji ba. Rurin motar na shiga kai, in ya yi tafiya mai nisa sai ya dawo da ciwon kai. Matarsa ta ƙi shiga, maƙwabta sun daina amsa masa gaisuwa da fara'a, jaririyarsu na firgita duk safiya. Na ce to ka mayar wa ubanka. Ya ce da wane ido, Baffa, sai dai in shi ya kira. Na dawo na ce wa uban ka kira. Ya ce wanda ya fitar da ita da ƙafarsa ya dawo da ita da ƙafarsa. Jini ɗaya ne, taurin kan ma a gado aka raba.

Wata rana cikin damina ya ce in raka shi maƙera. Muka tsaya yana kallon zugazugi, ana hura wuta tana tashi. Ya daɗe. A hanyar dawowa ya ce, kamar da kansa yake magana, injin da ya saba da shi da kansa yake jan numfashi, wannan kuwa hura masa ake yi. Wanda ake ɗura wa abinci da ƙarfi, dole a faɗaɗa masa ƙofar fita. Na ce wannan ilimin ai ko ni na sani, tun da nake cinye abincin Juma'a na mutum biyu. Bai yi dariya ba. Ya ce hannunsa ya gaya masa tun ranar farko, iskar na fitowa da zafi da gaggawa, shi ne ya ƙi ji, don a gaban wancan ne.

Ya bi 'yan gwangwan har ya samo bututu mai inci uku. Ya cika shi da yashi don kada ya lotse, ya riƙa gasa shi yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, daga ƙwaƙwalwa, ba motar a gabansa. In ya yi bugu kaɗan sai tari ya zaunar da shi. Aikin da a da yake gamawa kafin la'asar ya ci masa sauran damina. Ya haɗa masa tukunya mai babban ciki, wadda iska za ta wuce ba ta tsaya ba amma ta bar ƙararta a ciki. Da ya gama ya sa muka rataye shi a saman rumfa. Na ce bari in je in faɗa. Ya ce in na kai wannan saƙon, ni da shayinsa har abada. Na roƙa, na yi zagi, na tuna masa ni ne ubangida. Ya juyo mini kunnen da ya fi mutuwa.

Da kaka ta yi muka je 'yar gonarsa a Miri duba dawa. Da hantsi ne. Yana cikin nuna mini inda tsuntsaye suka yi ɓarna sai ya durƙusa, numfashi ya ƙi shiga. Babu abin hawa a kusa sai babura, shi kuwa ba ya iya zama. Ban yi shawara da shi ba, na kira yaron. Tun motar na nesa muka ji ta, awakin ƙauyen suka watse.

Ya ƙi shiga gaba. Ko a wannan halin ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari ba. Muka shimfiɗa masa buhuna a baya, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Muka kama hanya. Ƙarfen motar na kaɗawa a ƙarƙashinmu, rurin na shiga ta ƙashin baya. Na ga ya rufe ido, na tsorata, sai na lura irin rufewar da yake yi ce in ya sa ƙarfe a muƙamuƙi. Sauraro yake yi da gadon bayansa.

Kafin mu shiga gari ya ɗaga hannu ya bugi jikin motar. Na buga gilashi, yaron ya tsaya a gefen titi, ya zagayo da gudu, ya riƙe ƙarfen gefe. Taubashina ya kalle ni kamar kullum.

"Mai Iska, gaya wa..."

Tari ya ƙwace maganar. Da ya lafa, na sunkuya ina jiran saƙo. Sai ya kawar da kansa daga gare ni, ya juya, ya kalli yaron a ido. Ya kira sunansa. Ba zan rubuta shi ba. Wanda ya fi kowa iko da sunan ya riƙe shi a baki tsawon rayuwar yaron, sau ɗaya ya sake shi, ba ni zan watsa shi a takarda ba.

"Uku ne," ya ce. "Nawa ya yi kaɗan, naka ya yi yawa. Yana rataye a rumfa."

Yaron ya buɗe baki, ya juyo wurina don sabo, sannan ya mayar da fuskarsa.

"To, Baba."

"Ja mu tafi. A hankali, kana kashe mini baya."

Aka kwantar da shi a asibiti. Yaron ya sauke bututun daga rumfa, ya kira wani da ya koyi aiki a hannun marigayi, wanda shi ma yanzu furfura ta kama shi. Yaron da kansa ya kwanta a ƙasa da shaddarsa yana tallabe ƙarfen ana walda. Bututun da aka lanƙwasa ba mota a gaba ya zauna, sai wuri ɗaya da aka ɗan ƙara gasawa. Aka loda mata buhuna aka kai ta hawan nan, ta haye ba haki, ba ihu.

Niyyarmu in an sallami taubashina a ɗauko shi a cikinta ya ji da kansa. Na je na ba shi labari, yaron na zaune a bakin gadon, abin da ban taɓa gani ba. Taubashina ya tambayi yadda sautin yake. Na kumbura kumatu na kwaikwaya masa iya ƙoƙarina. Ya daɗe yana kallona, ya ce wa ɗansa, shi kai tsaye, a nemo wa Baffanka tukunya, tasa salansar ta fashe tun yana yaro. Wannan ce tsokanarsa ta ƙarshe gare ni, kuma ban samu na rama ba.

Ba a sallame shi ba.

Da aka yi masa salla, yaron ya matso da motar. Wasu suka kalli juna. Aka ɗora makara a baya, na hau na zauna a gefenta, inda na zauna ranar Miri. Muka kama hanyar makabarta. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen yadda yake yi, ban ji komai ba sai ɗumi, ni ai iska kawai na sani. Amma liman na gaba yana salati ƙasa-ƙasa, kuma har baya muna jin sa.

Jiya bayan la'asar, mutane sun ragu, yaron ya zo ya tsuguna kusa da ni a kan tabarma. Ya daɗe yana wasa da makullin motar. Sai ya ce, "Baffa, ko za ka gaya wa..." Ya tsaya.

Na ce masa an sallame ni daga wannan aikin tun a hanyar Miri. Inda Babanka yake yanzu keke ba ya zuwa. Ɗaga hannunka ka aika da kanka.

Ya ɗaga, na ɗaga tare da shi. Allah ka yalwata wa bawana kabarinsa, ka ba shi shirun da ya nema duk rayuwarsa bai samu ba, ka yafe masa taurin kai. In tawa ta zo, ka sa rumfata a jikin tasa, akwai ramuwar da ban yi ba.